Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga 'yan Majalisar Dokokin Jihar Bauchi

Mai girma Kakakin Majalisa, da sauran honarabul ɗinmu na mazaɓu 31, assalamu alaikum, ranku ya daɗe.

Ni ba lauya ba ne kuma ba ɗan jarida ba, ɗan Bauchi ne kawai mai waya da data kamar kowa, kuma abin da ya sa na rubuto muku a fili maimakon in bi ta hannun wani yaronku shi ne maganar ta shafi kowa. Magana ce a kan baki da addini, wato me mutum yake da ikon faɗa a jihar nan, me yake da ikon yi na ibadarsa, kuma waye yake da hurumin ce masa tsaya nan. Don gaskiya yadda muke tafiya yanzu wanda yake tsayar da mutum ba doka ba ce. Wani lokaci babban mutum ne da ya ji haushin fostin, wani lokaci kuma taron matasa ne da duwatsu da fetur, ku kuma da tsarin mulki ya damƙa wa alƙalamin kuna zaune.

Bari in fara da abin da yake rubuce, don na lura da yawanmu muna ta ihun 'yanci 'yanci a Facebook amma ba mu taɓa buɗe kundin ba. Tsarin mulkin 1999 a babi na huɗu, sashe na 38, ya ce kowa yana da 'yancin tunani da addini, ya yi ibadarsa shi kaɗai ko cikin jama'a, a ɓoye ko a sarari, ya koyar, ya yaɗa, har da 'yancin canza addini yana ciki, ko mun so ko mun ƙi haka aka rubuta. Sashe na 39 ya ce kowa yana da 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, ya riƙe ra'ayi, ya karɓi labari ya kuma isar da shi ba tare da katsalandan ba. Na 40 shi ne na taro da shiga ƙungiya. Sashe na 10 kuma tun a farkon kundin ya ce gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba.

To amma kafin wani ya ce shikenan kowa ya saki baki, akwai sashe na 45, kuma shi ne ainihin dalilin wasiƙar nan. Sashen ya yarda a taƙaita waɗannan 'yancin saboda tsaron ƙasa, ko lafiyar rayukan jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kiwon lafiya, ko don kare haƙƙin wasu mutane. Sai dai ya sa sharaɗi, dole taƙaitawar ta zo ta hanyar doka, kuma dokar ta zama irin wadda hankali zai ɗauka a ƙasar da ake dimokuraɗiyya. Doka fa, ranku ya daɗe. Ba umarnin baki ba, ba kiran waya daga gidan wani ba, ba sanarwar ciyaman a rediyo ba. Sashe na 36 ma ya ƙara ɗaure abin, ya ce ba a hukunta mutum a kan laifin da ba a rubuta shi a doka tare da hukuncinsa ba. Su waye masu rubuta dokar jiha? Ku ne. Shi ya sa ban kai kukana wani wuri ba.

Yanzu ku duba yadda abin yake faruwa a zahiri, kun sani na sani. Yaro zai rubuta cewa asibitin garinsu babu magani, ko kwangilar kwalbati an karɓi kuɗi ba a yi ba, ya sa hoton wani mai muƙami, wataƙila ma ya haɗa da baƙar magana don yaranmu ba su iya tauna harshe ba, sai wani ɗan kanzagi ya yi sikirinshot ya tura wa oga, kafin magariba an zo da mota an ɗauke shi. A caji ofis za a rubuta ɓata suna da ƙarya mai cutarwa da tunzura jama'a, a ƙwace wayar, a ce beli sai oga ya sauko. In ranar Juma'a ce to sai Litinin. Daga nan a kai shi gaban majistare a nemi a tura shi gidan gyaran hali kafin a gama bincike, iyaye su shiga zarya gidan mai unguwa da gidan liman ana neman wanda zai roƙi arziki, ƙarshe a sa yaron ya yi bidiyon ban haƙuri a sake shi, shari'ar ta mutu a nan. Ba a taɓa zuwa wajen tambayar da ta fi komai ba, wato shin abin da ya faɗa gaskiya ne ko ƙarya? Kwalbatin nan an yi ko ba a yi ba? Babu mai tambaya. Kwanakin da ya yi a sel su ne hukuncin, kuma an riga an yanke kafin alƙali ya buɗe fayil.

Alhali sashe na 35 ƙarara yake. Wanda aka kama dole a sanar da shi dalili a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, yana da ikon yin shiru har sai ya ga lauyansa, kuma in akwai kotu a cikin tazarar kilomita 40 to cikin kwana ɗaya za a gurfanar da shi. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuma yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ni dai har yau ina jiran ranar da zan ji hukuma ta fito rediyo tana ba talaka haƙuri, kullum talaka ne mai bidiyon ban haƙuri.

Kun tuna ɗalibin nan ɗan Azare da yake karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, wanda aka ɗauke a watan Nuwamban 2022 saboda abin da ya rubuta a Twitter kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, aka kai shi har Abuja? Ƙasa ta ɗauki zafi, ɗalibai suka ce za su fito, a farkon Disamba aka janye ƙarar. Shi Allah ya taimake shi labarinsa ya fita duniya. Nawa ne irinsa a Misau ko Ningi ko Alkaleri da babu wanda ya ji?

Kuma ba wai kotunan ƙasar nan ba su yi magana ba. Tun 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara a Inugu ta wanke Arthur Nwankwo wanda aka ɗaure saboda ya yi rubutu yana sukar Gwamna Jim Nwobodo na tsohuwar Anambra, ta ce dokar tunzura jama'a a kan gwamnati ta hanyar rubutu da muka gada daga Turawa ba ta dace da tsarin mulki ba, kuma mai mulkin da yake ganin an ɓata masa suna ya je ya shigar da ƙara da kansa kamar kowa. A 2007 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ba a buƙatar izinin 'yan sanda kafin a yi gangami na lumana, ƙarar kuwa jam'iyyar ANPP ce ta shigar bayan an watsa taronta na Kano da barkonon tsohuwa a 2003. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda da shi aka fi kama 'yan soshiyal midiya, kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin magana, har Majalisar Tarayya ta yi masa gyara a 2024 ta cire kalmomin nan masu faɗi irin su ɓata rai da cin fuska. Wannan na tarayya ne ba naku ba, na sani. Amma ɓata suna a matsayin laifin da ake ɗaure mutum a kansa, wanda muka gada daga Penal Code na Arewa na 1960, wannan a hannun jiha yake. Legas ta cire shi daga dokar laifukanta a 2011, Ghana ta cire nata tun 2001, sama ba ta faɗo ba. Wanda aka yi wa ƙazafi yana nan da hanyarsa, ya ɗauki lauya ya nemi diyya, in ya ci a biya shi. Abin da nake roƙo shi ne ku raba wannan da ankwa.

Na san abin da wasunku za su ce, wai ai mu ake zagi, kuma wallahi ana zaginku, wani zagin ma har iyaye, ni kaina ba na jin daɗinsa kuma ba tarbiyyarmu ba ce. Amma wanda ya fito ya manna fostarsa a kowane bango daga Wunti zuwa Yelwa yana neman ƙuri'a, ya karɓi amanar kuɗin jama'a, to dole fatarsa ta fi ta mai shayi kauri. Kuma ku tuna kujera juyawa take, dokar da ka ji daɗinta yau kana ciki ita za a karanta maka gobe kana adawa.

Garin nan ma fa da magana aka san shi. A shekarun 1940 a nan Bauchi su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano, lokacin yana koyarwa a Midil, suke zaman muhawara suna yi wa En'e da Turawa tambayoyin da ba a saba ji ba, har hukuma ta gaji ta rufe zaman. A 1950 kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Arewa a Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e garambawul, a lokacin da faɗin haka ba ƙaramin abu ba ne. Yau sunayensu ne a kan jami'a da filin wasa da makarantu, muna alfahari da su, amma da a ce yau suke da waya a hannu ban san kwana nawa za su yi a waje ba.

Sai ɓangaren addini, wanda ya fi zafi, kuma a nan ina roƙon a karanta ni da kyau kafin a yi min fassara. Ni Musulmi ne, kuma babu abin da yake ƙona min rai kamar a taɓa mutuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ban yarda cewa 'yancin magana ya haɗa da zagin abin da mutane suke bauta wa ko suke girmamawa ba, ko na Musulmi ko na Kirista, kuma dokar Arewa tun 1960 ta haramta cin mutuncin addini ta hanyar da za ta iya ta da fitina, jihar nan kuma tana da kotunan shari'a tun 2001. Wato hanya tana nan. To me ya kawo fetur?

A watan Maris na 2021 a Sade ta ƙaramar hukumar Darazo an kashe mutum an ƙona shi bisa zargin ɓatanci, babu alƙali babu shaida babu tambayar ko yana cikin hankalinsa. A watan Mayun 2022, kwanaki kaɗan bayan taron jama'a ya kashe wata ɗalibar kwalejin Shehu Shagari a Sakkwato bisa zargin ɓatanci, Katangar Warji ta kama da wuta saboda saƙon WhatsApp da aka ce wata ma'aikaciyar lafiya ta tura, aka ƙona gidaje da shagunan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Matar ta yi kusan shekara ɗaya da rabi a tsare kafin ta samu beli, daga baya kotu ta sallame ta a ƙarshen 2024. Kowa yana iya riƙe ra'ayinsa kan hukuncin, amma aƙalla ita ta ga alƙali. Na Sade bai gani ba. Kuma ku lura, sashe na 45 da ya yarda a taƙaita magana da taro bai ba wani ɗan unguwa lasisin ɗaukar rai ba, ran mutum sashe na 33 ne yake kare shi. A karatun da muka yi a zaure ma haddi aikin hukuma ne, sai an kai gaban alƙali an tabbatar, ban taɓa jin malamin kirki ya ce taron kasuwa ya zartar ba. Mutumin da ya yi ihun an yi ɓatanci ƙarya don yana bin wani bashi ko suna rigimar fili, ya jawo aka kashe wanda ya zarga, wannan me dokarmu ta tanadar masa takamaimai? Ina so in ji an yi wannan muhawarar a zaurenku da sunanta, ba a riƙa kewaye-kewaye ba.

Ban ce a bar wa'azi sakaka ba. Mu ba baƙin illar mugun wa'azi ba ne, 'yan Maitatsine sun zubar da jini a Gombe a 1985 lokacin tana cikin jihar Bauchi, rikicin Tafawa Ɓalewa na 1991 har cikin garin nan ya iso, kuma tashin Boko Haram na Yulin 2009 a Dutsen Tanshi aka fara harbin farko. Duk wanda ya hau mumbari ko ya riƙe makirfo a coci ya ce a je a far wa wasu, ko ya halatta jinin wani, a kama shi, wannan shi ne ainihin abin da sashe na 45 yake nufi. Amma akwai bambanci tsakanin wannan da malamin da ya soki gwamnati a huɗuba, ko ya yi raddi ga wata ɗariƙa ko ƙungiya a mas'alar ilimi. Saɓanin Izala da ɗariƙa ya girmi yawancinmu, kuma ba caji ofis ne zai raba shi ba. In gwamnati ta fara zaɓar wane malami ne zai yi magana wane ne zai yi shiru, to yau naka ne a sama gobe na wani. Kaduna ta gwada dokar ba masu wa'azi lasisi, a 2019 babbar kotun jihar ta ce tilasta lasisin ya saɓa wa tsarin mulki. Don haka in wata rana irin wannan ƙudiri ya zo gabanku, ku tsaya a kan abin da mutum ya faɗa na tunzura tashin hankali, da hujja, a gaban kotu, kar ku tsaya a kan waye shi ko wane ɓangare yake.

Wani abu kuma da ba mu cika son ji ba. Sashe na 38 ɗin nan da muka yi murna da shi a watan Yunin 2022, lokacin da Kotun Ƙoli ta ce ɗalibai mata Musulmi suna da ikon sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas, shi ne dai yake kare ɗan Basayi Kirista da yake makarantar gwamnati a Azare ko Jama'are. Ƙaramin sashe na biyu ya ce ba a tilasta wa ɗalibi karatun addini ko shiga ibadar da ba tasa ba ko wadda iyayensa ba su amince da ita ba. Haka ɗan Musulmi a Ɓogoro. Ba zai yiwu mu karɓi rabin sashen da ya yi mana daɗi a Legas mu ƙi rabin da ya ɗaure mu a gida ba. Kwamitinku na ilimi ya taɓa zagayawa ya duba ko kowace makarantar gwamnati mai ɗalibai na addinai biyu tana da malamin kowanne? Haka maganar fili da takardar izinin gina masallaci ko coci, ya kamata ƙa'idar ta zama ɗaya a rubuce, wanda aka hana a gaya masa dalili a takarda don ya samu abin kai wa kotu.

Lasifika kuwa, kai, wannan kowa yana da laifi. Mai wa'azin dare da mai kwanan coci da mai gidan biki da DJ duk ɗaya suke a kunnen mara lafiya da jariri, kuma kare haƙƙin wasu yana cikin dalilan da tsarin mulki ya lissafa. A sa lokaci a sa iyaka, ta hau kan kowa. Na wuce nan.

Abin da ya rage shi ne mutane su san abin da yake rubuce. Babi na huɗu ba shi da tsawo, sashe na 33 zuwa na 46 ne kawai, me zai hana majalisa ta sa a juya shi zuwa Hausa mai sauƙi da Fulfulde da sauran harsunan jihar, a karanta a gidajen rediyo, a manna a kowane caji ofis da kotun majistare da kotun shari'a a ƙananan hukumomi 20? Kuɗin bai kai na taya huɗu na motar honarabul ɗaya ba. Sashe na 128 kuma ya ba ku ikon bincike a kan abin da kuke da hurumin yi wa doka, to ku nemi ma'aikatar shari'a ta kawo muku lissafin mutum nawa aka gurfanar a jihar nan kan magana ko rubutu a 'yan shekarun nan, nawa aka samu da laifi, nawa shari'arsu ta watse bayan sun sha zaman gidan yari, kuma su waye masu ƙorafin. A karanta a zaure kowa ya ji.

Sannan ku kira zaman jin ra'ayin jama'a kan sassan ɓata suna da tunzura jama'a da cin mutuncin addini, ku gayyato ƙungiyar lauyoyi da 'yan jarida da JNI ta Musulmi da CAN ta Kiristoci da malaman kowane ɓangare da ɗaliban jami'ar ATBU da na jami'ar jiha ta Gaɗau, a yi shi da Hausa, a sa a rediyo kai tsaye, kuma dan Allah kar a yi shi a otal a Abuja. In kun sa rana ku sanar da wuri, mu na nan za mu zo, na Katagum da na Dass ma a ba su lokacin da za su samu mota.

Na gode, Allah ya yi muku jagora.

Naku,
wani mai ƙuri'a daga cikin garin Bauchi